Shagon waldar da ya yi mana bencina 120: yabo da ƙorafi bayan shekara guda

Tun bara mutane ke tambayata wai ina muka yi bencinan nan da set ɗinmu ya kai tsohuwar makarantarmu, nawa aka yi mana, kuma mai aikin ɗan halak ne ko irin masu "dawo gobe" ne. Ni kuma na ƙi cewa komai sai da na bari kayan suka ci hunturu ɗaya da damina ɗaya da WAEC da NECO, don benci ranar da aka sauke shi daga mota ko wane iri ne kyau gare shi, fenti na ta ƙyalli, sai yara sun hau sun sauka sun ja shi a ƙasa sannan ake gane aiki ne ko kwalliya. To yanzu shekara ta zagayo, ga abin da na gani. Ba zan kama sunan shagon ba, ba zan kama na makarantar ba, saboda akwai ƙorafi a cikin maganar kuma mutumin na da iyali da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Shagon dai yana can ta hanyar Zariya, ba nisa da 'yan katako na Na'ibawa, wanda ke da buƙata da gaske ya san inda zai same ni.

Mu 'yan 1999 ne, a 2024 muka cika shekara 25 da gamawa, sai aka ce a haɗu bayan Babbar Sallah tunda na Abuja da Legas da Fatakwal duk suna gida. Da farko shirin cin shinkafa da kaza ne kawai a wani hol, a yi hoto a watse, sai wani yace dan Allah kafin a ci a biya ta makaranta a gaida tsofaffin malamai in akwai saura. Wallahi da mun san abin da za mu tarar da shinkafar muka fara ci. Ajin da na yi SS1 a ciki, wanda har yau ramin nan na bakin allo yana nan bai tafi ko'ina ba, na leƙa na ƙirga yara na tsaya a 84, bencin da ke tsaye da ƙafarsa kuwa guda 9 ne. Wasu a kan bulo, wasu sun shimfiɗa buhun siminti, wasu a kan taga ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, wani yaro ya ɗora littafinsa a gadon bayan na gabansa yana kwafar not ɗin kemistiri, na gaban in ya motsa sai ya sha ranƙwashi. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 8 ga Yuni, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa yace yara sama da miliyan 4 ne ke karatu a zaune a ƙasa a jihar Kano. Duk mun ji a rediyo, amma gani ya kori ji, balle a ajin da ka zauna.

A daren aka fara a guruf. Ciyaman bai yi minti 10 da kawo shawarar benci ba sai ga wani ɗan ajinmu, ɗan a-mutun wata jam'iyya, yace wannan aikin gwamnati ne, muna biyan haraji, in muka sa hannu mun ɗauke musu nauyi gobe ma ba za su yi ba. Maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ni ma a raina na yarda da rabinta. Sai lakcaran cikinmu da yake a fannin ilimi yake ya turo boyis not mai minti 7 (na saurara har ƙarshe, Allah ya ba ni lada) yana bayanin cewa dokar UBE ta 2004 daga firamare zuwa JSS3 ta tsaya, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake ware wa UBEC, hukumar da ke kula da wannan matakin ilimin, jiha ta kawo nata kason a haɗa mata, shi ya sa sai ka ga sabon bulok da kujeru a ɓangaren jiniya, siniya kuwa tana zaman jiran abin da kasafin jiha ya sammata. Ya ƙara da cewa tun 2019 da gwamnatin Ganduje tace ilimi kyauta ne kuma dole, 'yan kuɗin PTA ɗin nan da firinsifal kan kira kafinta ya zo ya buga ƙusa da su sun zama abin tsoro, ba mai son a ce ya karɓi kuɗi a hannun iyaye ya wayi gari da takardar tuhuma. Kyauta abu ne mai kyau, yace, amma benci baya jin an ce kyauta ya fasa karyewa.

Ɗan set ɗinmu na Ingila shi kuma daga can ya jefo tasa, wai me zai hana a nemi gwamnati ta miƙa makarantar kacokan ga tsofaffin ɗalibai kamar yadda Peter Obi ya mayar da makarantun mishan ga coci-coci a Anambra a 2011. Aka ce masa Malam waɗancan asali masu su ne suka gina, gwamnati ta karɓe bayan yaƙin basasa, aka mayar musu abinsu. Tamu kuwa da kuɗin jama'a aka gina ta, wa za a mayar wa? Kuma albashin malamai na wata guda ma set ɗinmu ba zai iya ba. Mu ba BOBA ba ne, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, Barewa tun 1921 take yaye mutane, Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa duk nata ne, ba kuma KASSOSA ba ne ta 'yan sayans ɗin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da likitoci da injiniyoyi suka cika. Mu babban mutuminmu darakta ɗaya ne da mai gidan mai ɗaya, shi ma fanfo biyu ne ke aiki.

Wata uku muka yi ana tara kuɗi, kuma abin haushi daidai lokacin ne ake rigimar maganar minista Tahir Mamman ta cewa sai yaro ya kai shekara 18 zai shiga jami'a, to in na turo "dan Allah waɗanda ba su turo nasu ba" sai saƙona ya nutse a ƙarƙashin saƙo 200 na musu a kan shekara 18 da 16. Kafin a gama bencinmu ma an sauke ministan, Tunji Alausa ya zo ya mayar da ita 16, duk musun ya tashi a banza. Mutum 61 ne suka bayar, daga mai dubu 2 har mai miliyan 1. Ɗan a-mutun nan da yace aikin gwamnati ne, shiru-shiru ya tura wa ma'aji dubu 50 yace kar a sa sunansa a lis.

Aka naɗa mu uku kwamitin aiki: ni, ma'aji, da wani injiniya da ba ya yarda da kowa ko da limamin unguwarsu ne, wanda daga baya ya zame mana alheri. Wuri uku muka karɓi farashi na benci mai haɗe da tebur mai cin mutum uku. Kafinta zalla na katako yace dubu 30, wani kamfani mai ofis da esi da sakatariya yace dubu 47, shi kuma wannan mai waldar yace dubu 38, ƙafa da firam na ƙarfe, sama katako. Ba don yana tsakiya muka ɗauke shi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne shi kaɗai ne ya tambaye mu 'yan aji nawa ne za su zauna, da muka ce siniya sai yace to Alhaji sai na je na ga yaran, don awon firamare daban na siniya daban, yawancin bencin da kuke gani sun karye ba nauyi ne ya karya su ba, gajarta ce, ƙato ya zauna gwiwarsa na tokare tebur yana turawa har ƙusa ta fita. Ya hau mashin ɗinsa ya biyo mu makaranta, firinsifal ya kira masa yara uku, dogo da matsakaici da wani ɗan tsurut, ya zaunar da su ya auna daga ƙasa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa gwiwar hannu, yana rubutawa da alli a jikin tankin mashin ɗinsa.

Shagon kansa ba abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da fili a gaba, injin walda biyu, wani tsohon janareto mai shan gas da in aka tada shi sai ka ɗaga murya, yara masu koyo kamar bakwai, rabi ba tabarau sai su kare ido da hannu, abin da na yi masa magana a kai har sau biyu. Amma mutumin ya san ƙarfe. Ya ɗauke mu har Ƙofar Ruwa inda yake sayen fayif, ya ɗauko sukwaya guda biyu da a idona iri ɗaya ne sak, yace in ɗaga, na ɗaga na ji ɗaya ya fi nauyi, ya ƙwanƙwasa su da makullin mashin, ɗaya ya yi ƙara siririya kamar gwangwani ɗaya ya amsa da kauri. Yace kaurin wannan 1.2 ne na wannan 1.5, in aka shafa fenti ko ni sai na ɗaga zan gane, to ku na 1.5 zan sa muku. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Samfur ɗin da ya yi mana cikin kwana huɗu gaskiya ya yi. Bai yi amfani da ƙusa ba, noti ya ɗaura katakon da shi a jikin ƙarfe, sannan ya ɗiga walda a kan kowane noti yadda ba mai iya kwancewa da sifana, yace yara na kwance noti su sayar wa 'yan gwangwan ko su yi wasa da shi kawai. Ya sa sandar ɗora ƙafa a ƙasa wadda ita ce kuma ke riƙe ƙafafun kar su buɗe, ya bar wurin ajiye jaka a ƙarƙashin tebur amma a buɗe ta gaba da baya don kar ya zama gidan ɓera da ɓawon gyaɗa. Injiniya ya hau kan teburin da takalminsa ya yi tsalle sau uku, mutumin nan ya kai kilo 100, ko gezau. Muka rubuta yarjejeniya a takarda: benci 120, miliyan 4 da dubu 560, fayif 1.5, busasshen katakon afara inci ɗaya, jan fenti na hana tsatsa a ƙasa sannan baƙi a sama, banish a katako, kai kaya makaranta a wuyansa, sati biyar. Muka ba shi kashi 60 kafin alƙalami farkon Oktoba, samfur kuma muka ɗauke shi muka ajiye a garejin ma'aji, shawarar injiniya ce wannan.

Sati biyun farko kullum sai ya turo hoto, an yanka, an haɗa firam 30, an haɗa 45. Sai ga duhun nan na ƙarshen Oktoba 2024 da layin wutar da ke kawo wa Arewa ya samu matsala, Kano da maƙwabta suka yi kusan kwana goma ba wuta ko ƙyas, ruwan sanyi ma ya zama na masu hali. Wannan ba laifinsa ba ne kuma ban ɗora masa ba, na je shagon da kaina na tarar yara na kwance a kan firam ɗin bencinmu suna barci, janareto ya ƙone kwayil saboda an matsa masa. Inda na ga laifinsa shi ne ya daina ɗaga waya. Kwana shida ina kira, sai yaronsa ya ɗauka yace Oga ya fita, Oga na masallaci, Oga ya tafi ta'aziyya Wudil. Mu kuma a guruf an fara turo irin "kwamiti ina labari", wani har da sitika ta mutum yana gudu da jaka. Wanda bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ba ba zai gane yadda wannan ke hana barci ba. Da ya ɗaga sau ɗaya yace Alhaji ga halin da ake ciki ku ƙara min sati uku, da shi ke nan.

Kashin farko, benci 70, sun iso ƙarshen Nuwamba a akori-kura sawu huɗu. Waɗannan ba ni da abin cewa a kansu sai alheri, in ban da guda kamar goma da ba a goge bakin waldar da giranda sosai ba, ɗaya ya yaga wandon wani yaro a ranar farko, leba masta ya kawo min yaron da wandon a matsayin shaida. Na kira Oga, washegari ya turo yara biyu da ƙaramin janareto suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai karɓi ko sisi ba.

Kafin kashi na biyu sai ya zo gidana da magariba, ya tsuguna, yace Alhaji ina neman alfarma, ƙarfe ya tashi, gas ya tashi, gyaran janareto ya cinye ribar, a ƙara min dubu 3 a kan kowane cikin 50 ɗin da suka rage. Muka zauna mu uku, ma'aji yace yarjejeniya yarjejeniya ce, ni nace kowa ya san yadda kaya ke tashi tun cire tallafin mai a 2023, fetur ma a lokacin ya haura dubu 1 lita, in muka matse shi a jikin aikin zai fanshe. Aka tsaya a dubu 2, wato dubu 100 ƙari, muka sanar a guruf da rasit don kar a ce.

Ashe duk da ƙarin sai da aka fanshe. Guda 50 ɗin sun iso cikin Janairu, ana tsakiyar hunturu. Muna saukewa injiniya ya ɗaga ɗaya da hannu ɗaya ya ajiye, ya sake ɗaga wani, bai ce komai ba ya tafi mota ya ɗauko ɗan ma'aunin nan nasa mai baki kamar ƙaguwa, ya kifa benci ya auna bakin fayif ta ƙasan ƙafa inda ba a toshe ba. 1.2. Muka bi duka 50, guda 17 ne haka. Na kira Oga nace ka zo makaranta yanzu. Da ya zo ban yi masa faɗa ba, makullin motata na ciro na ƙwanƙwasa ƙafar samfur da muka sa aka ɗauko daga gareji, sannan na ƙwanƙwasa na sabon, nace Oga kai ka koya min wannan karatun a Ƙofar Ruwa, wanne ne gwangwanin? Ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can yace wallahi Alhaji yaro na aika ya sayo cikon fayif, na gani bayan an yanka, na ce a bari a wuce da shi, laifina ne. Ko yaron ne ko ba yaron ba Allah ne masani, ni dai abin da na yaba bai tsaya rantse-rantse da musu ba. Ya ce a ba shi zaɓi, ko ya kwashe 17 ɗin ya sake, ko ya ƙara musu sandar tokare a kusurwa ya rage dubu 4 a kan kowane. Da yake yara sun riga sun gani sun fara rububi, muka zaɓi na biyu, injiniya ya tsaya a kansa har aka gama, muka sa musu alama da jan fenti a ƙasa don a riƙa lura da su.

Matsala ta biyu kuma katako. Wannan bai fito ba sai bayan sati uku da iskar hunturu ta bi ta kansu. Wajen 20 daga cikin kashi na biyun saman teburinsu ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, wasu suka tsage daga wurin noti, biro in ka ajiye sai ya gangara. Ɗanyen katako aka sa, ba wata magana. A nan ne dabarar ɗiga walda a kan noti ta zame mana aiki, don sai da aka yanke kowane noti da giranda kafin a cire katakon. Ya canza 14 da suka fi lalacewa a aljihunsa, sauran 6 yace za su zauna, sun kuwa zauna amma har yau a karkace suke, duk wanda ya zauna a kansu rubutunsa na hawa dutse. Wani tsohon kafinta da ke cikin kwamitin makarantar ya ce min laifinmu ne mu ma, wai katakon aikin makaranta saya ake a jingine shi a inuwa wata ɗaya ko biyu kafin a taɓa, ba a saya yau a feƙe gobe, in kuna gaggawa to ɗanye za a ba ku ko a wane shago ne.

Maganar kwamitin nan ita ce abin da ban sani ba kafin wannan aikin, kuma ita ta fi komai amfani. Mu da niyyarmu mu sauke kaya mu yi hoto da firinsifal mu tafi. Shi firinsifal ɗin, Allah ya saka masa, yace ranku ya daɗe ni yau ina nan gobe takarda ɗaya za ta ɗauke ni zuwa wata makaranta, kar ku damƙa min, ku damƙa wa SBMC, wato kwamitin kula da makaranta. Ashe tsarin kwamitin nan ba na iyaye ba ne kawai kamar PTA, akwai kujerar mai unguwa, da malamin addini, da mata, da ɗalibai, da masu sana'ar hannu, har da wakilin tsofaffin ɗalibai, kujerar da a tamu makarantar ta yi shekaru ba kowa a kai saboda ba wanda ya taɓa zuwa. Shekara 25 muna zagin lalacewar makaranta daga nesa alhali akwai kujera da sunanmu a ɗakin da ake yanke shawara. Yanzu injiniya ne a kai, kuma na ji an ce taro ya ƙara tsawo.

Ya kuma sa muka rubuta takarda ta bi ta ofishin da ke kula da makarantar kafin a kawo kaya, don a san da zuwansu a shigar da su lissafin kayan makaranta, ba ta daɗe ba aka amsa. Oga shi ya kawo shawarar lamba, ya yanka gwangwani ya yi sitensil, aka buga 1 zuwa 120 da sunan set a bayan kowane benci, ya kuma ɗiga lambar da walda a ƙarƙashin firam inda fenti ba zai goge ta ba. Wannan kyauta ya yi, ina jin na wanke laifi ne. Aka buɗe rijista, kowane aji da lambobinsa, monita da fom masta suka sa hannu, shugaban SBMC ya sa, mu muka sa.

Watan jiya muka koma ƙirga, ba mu sanar ba. A cikin azuzuwa mun samu 113. Huɗu suna sito katakonsu ya karye, kuma duk huɗun lokacin jarabawa ne da ake jan benci daga aji zuwa hol a mayar, yara biyu su kama su yi ta buga shi a bakin ƙofa da matakala. Ƙarfe ko ɗaya bai karye ba, walda ko ɗaya ba ta saki ba, har 17 ɗin nan masu jan fenti, duk da biyu sun ɗan buɗe ƙafa. Tsatsa ta fara cin ƙasan ƙafafun waɗanda ke ajin da rufinsa ke yoyo, kuma wannan ya tuna min abin da muka manta gaba ɗaya, ba mu sa a yarjejeniya a toshe ƙasan ƙafa da roba ba, shi ma bai faɗa ba, ga shi fayif na shan ruwa ta ƙasa yana kuma kartar siminti, in yara 80 suka tashi lokaci ɗaya sai ka toshe kunne. Banish ɗin kuwa ya tafi tuntuni, saman tebur ya cika da rubutu, Barça da Madrid da sunayen da ba zan maimaita ba, amma wannan ko mu mun yi, nawa sunan ma na tabbata yana jikin wani tsohon benci in bai shiga murhu ba.

In maki ake so, ƙarfe da walda 9 cikin 10, katako 5, cika alƙawarin lokaci 4 ko da an cire kwanakin duhu, ɗaga waya lokacin matsala sifili, dawowa gyara ba tare da jayayya ba 10. Zan sake ba shi aiki? E, amma ba yadda muka yi ba. Wanda zai je wajensa, ko wajen kowane mai walda ma, ya riƙe samfur a hannunsa kar ya bar shi a shago, kar ya ba da sama da rabi kafin alƙalami, ya je a sayi fayif ɗin duka lokaci ɗaya a gabansa don a cikon da ake aika yaro ne ake samun matsala, katako kuma ku saya da kanku tun ana tara kuɗi ku jingine. Kuma a auna kaya kafin a sauke daga mota, don da zarar yara sun zauna ba mai zuciyar cewa su tashi.

Dubu 38 ɗin can kar wani ya riƙe ta, farashin 2024 ne. Satin da ya wuce ya kira ni da kansa, yanzu yana ɗaga waya har ma shi ke kira, wai ya ji 'yan 2001 na shirin yin teburan malamai in yi masa hanya. Nace zan faɗa musu duk abin da na rubuta a nan ba ragi, yace ya yarda, har da na fayif ɗin? Nace har da shi.

Saura benci uku ko? Biyu suna ɗakin malamai an ɗora musu tulin littattafan makin, shugaban SBMC yace a mayar aji kafin Juma'a kuma an mayar. Na ukun, mai lamba 58, a bakin get muka same shi, Baba mai gadi ne ke zama a kai da rediyonsa da butarsa, shi ne dai mai gadin da ya sha kama mu muna tsallake katanga a 1997, ya tsufa sosai ido ɗaya ya tafi. Muka kalli juna ni da injiniya, injiniya ya buɗe rijista ya rubuta a gaban 58: yana bakin get, lafiyarsa ƙalau.